Kada Mu Ji Kunyar Sunan Kaka

A bara Allah ya sauki ɗiyar innata lafiya, aka sami ɗa namiji. Ranar suna gida ya cika maƙil da 'yan'uwa da abokan arziki. Ana cikin raha sai wata tsohuwa ta dubi innar tawa ta ce, "To barka, yau ke ma kin zama kaka." Nan take ta ɗaure fuska ta ce, "Wa, ni? Kada wanda ya kuskura ya koya wa yaron nan ya ce mini Kaka. Mami zai riƙa kirana." Mata suka fashe da dariya, amma ni maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na ga ya kamata in jawo hankalin iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai a kanta.

Ba na ganin laifin innata gaba ɗaya. A ƙasarmu mace takan yi aure da wuri, ta aurar da ɗiyarta da wuri, har ta ga jika ba ta cika shekara 40 ba. Ga ta da ƙarfinta, ba ko furfura ɗaya, sai kuma a kira ta da sunan da ta saba ji ana kiran masu dogara sanda. Dole ta ji wani iri. To, amma zama kaka ba shekaru ke kawo shi ba, kyauta ce daga Allah. Mutum nawa suka tsufa tukuf ba su ga ko ɗa ba, balle jika, balle tattaɓa-kunne?

A gidanmu muna da kakanni mata biyu. Ta wajen uba muna ce mata Iya Mai-fura, domin fura take damawa, kuma duk jikan da ya shiga ɗakinta ba ya fitowa sai da farin baki. Ta wajen uwa kuwa yayanmu ne ya raɗa mata suna. Yana ƙarami ya ji ana ce mata Gwaggo, harshensa ya kasa, sai ya ce Gogo. Yau shekara 20 ke nan, duk unguwa Gogo ake ce mata, har da liman. Ba wanda ya zauna ya zaɓi sunan nan, daga bakin yaro ya fito, kuma ba ta da wanda take so kamarsa. Haka ake samun Baba Tsoho, da Dada, da Inna ta Gabas, da Hajiya Babba. Kowanne akwai labarin gida a bayansa.

Sunan kuma shi ne ƙofar wasan da ke tsakanin kaka da jika. Kowa ya san akwai kunya tsakanin Bahaushe da 'ya'yansa, musamman ɗan fari, wanda uwa ba ta ko faɗin sunansa. Yaro ba ya sakewa gaban ubansa. Amma wajen kaka ba wannan shinge. Kaka mace takan kira jikanta namiji maigida, ta ce ya kawo kuɗin cefane, ta kira jikanyarta kishiya. Kaka namiji kuwa jikanyarsa ce amaryarsa. A cikin wannan wasa ne yaro yake faɗin abin da ba zai iya gaya wa iyayensa ba. Can yake jin tatsuniya da dare, ya koyi karin magana, ya san asalin gidansu da inda kakanninsa suka fito. In ya yi laifi, bayan kaka yake ɓuya. To, wadda ta ce a kira ta Mami ta ɗora wa kanta matsayin uwa ke nan, ga yaron kuma da tasa uwar. Wa zai yi wasa da shi?

Abin mamaki ma, mu ne muke girmama sunayen kakanni ta wata hanya. In aka mayar wa jariri sunan kakansa, iyaye ba sa iya faɗinsa saboda kunya, sai su sakaya su ce Abba, ko Babangida, ko Ummi, ko Uwani. Ashe sunan tsofaffi abin daraja ne a wurinmu. Me zai sa mu ɗaukaka shi a kan jariri, sa'an nan mu guje shi a kan mai shi?

Saboda haka ina roƙon iyayenmu da Allah ya nuna musu jika, su bar yaro ya kira su da abin da bakinsa ya iya, su amsa da fara'a. Mu kuma ɗalibai, in an yi hutu kada mu tsaya gaisuwa daga bakin ƙofa. Mu shiga ɗakinsu, mu zauna, mu yi musu tambaya tun suna raye, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Shi kuwa jaririn bara ya fara magana. An yi an yi ya ce Mami, ya ƙi. Tata yake ce mata, kuma da gudu take amsawa. Allah ya ja kwanan kakanninmu, ya nuna mana namu jikokin, amin.