Wutar da ke Ciyar da Kanta: Abin da Birnin Gwari ke Jira daga Matatar Kaduna

Tun bayan sulhun da aka ƙulla a ƙarshen 2024, manyan motoci sun dawo kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, suna ratsa dajin da matafiya suka ƙaurace wa. Sai dai fetur ɗin da tankoki ke kawowa garin daga kudu yake fitowa, alhali ga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a kullum, kwance cikin shiru. Manomi mai injin ban-ruwa da ɗan acaɓa su ne ke biyan kuɗin wannan nisa.

A 2023 kamfanin NNPC ya bai wa Daewoo kwangilar gyaran matatar. Amma gyaran ƙarfe kaɗai ba ya tayar da matata, kuma dalilin yana cikin sashen da ake kira FCC, inda ake fasa mai mai nauyi ya koma fetur, fasahar da aka soma aiki da ita a Amurka a 1942.

Fasa mai na shan zafi. Ana haɗa shi da wani garin sinadari mai laushi, cikin zafin da ya haura digiri 500, ya tarwatse cikin daƙiƙoƙi. Fasawar kan bar baƙin gawayi a jikin garin. Sai a kai shi tukunya ta biyu, a hura iska, gawayin ya ƙone a wajen digiri 700, garin ya dawo ɗauke da zafin da zai fasa sabon mai. Sharar aikin ita ce makamashinsa.

A nan ne awo yake. In man da aka zuba ya yi nauyi fiye da ƙima, gawayi zai yi yawa, tukunyar ta zafafa, kewayawar garin ta ragu, garin ya lalace, fetur ya yi ƙasa. In kuwa man ya cika sauƙi, gawayin ba zai isa ba, sai an ƙona mai mai daraja don cike giɓin. Yawan kashewa da kunnawa kuma na tsattsaga rufin da ke kare tukunyar daga ciki.

Saboda haka wannan sashe na bukatar ɗanyen mai iri ɗaya, ba yankewa, da ƙwararrun da suka san halin wutarsa. Ɗanyen man Kaduna kuwa ta bututu yake tahowa tun daga Escravos, ɗaruruwan kilomita. In ba a tsare bututun ba, an yi gyaran banza.

Don haka ranar da hukuma ta sanar da farfaɗowar matatar, kada a tsaya kan hayaƙin da ya tashi ranar biki. A tambayi wata nawa sashen FCC ya yi yana aiki ba tsayawa. Wannan adadin ne zai nuna ko farashin lita zai sauka a Birnin Gwari.