Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Borno: A Ware Wa Masu Keke Hanyarsu

Ranka ya daɗe,

 Tun da aka hana hawa babur a Maiduguri a watan Yulin 2011, keke ya zama abin hawan talaka: ɗalibin jami'a, leburan da ke sammakon zuwa Kasuwar Monday, mai kayan miya da ya ɗaure kwandon tumatir a kariya. Garinmu shimfiɗe yake kamar faifai, ba hawa ba gangara, ga darbejiya jere a bakin tituna. Da wuya a sami birnin da ya fi shi dacewa da keke a Arewa.

To amma ina mai keken zai bi? A titin Baga da titin Bama, 'yan Keke Napep kan matse shi har gefen kwalta, inda yashi ya taru. Tayar gaba ta nutse, kan keken ya karkace, sai ka ga dattijo a ƙasa, hularsa can, buhunsa can. Wannan abin yana ci mini rai.

Tunda ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta tilasta gyaran tituna da gadoji, ina roƙon a ware wa keke layinsa, a kange shi da ɗan siminti, domin fenti kaɗai ba ya hana direba shiga. A fara daga Post Office zuwa ƙofar jami'a. A riƙa kwashe yashin, kuma in za a faɗaɗa titi, don Allah a bar darbejiyar nan, saboda zafin Afrilu yakan haura digiri 40.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mazaunin Maiduguri