Riƙon yaro daga tsallaken iyaka: Aikin yana farawa ne ranar da ya shigo gida

Zuwa ga jama'a, musamman 'yan uwanmu 'yan kasuwa da suka saba da hanyoyin Kurmuk, Gisan da Galabat. Maganar da muka ɗauko yau ta shafi gidaje da yawa, amma ba a cika tattauna ta a zaure ba. Ita ce maganar yaron da maigida zai taho da shi daga wata ƙasa, ko maraya ne da ya gani a sansanin 'yan gudun hijira, ko ɗan ƙaninsa da ya rasu a Kano ko Maiduguri, ya sauke shi a tsakar gida ya ce wa iyali "ga ɗanku", sannan washegari ya hau mota ya koma kasuwa.

Riƙo dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka biyo hanyar Makka da ƙafa, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar, sun iso ƙasar nan ne da 'ya'yan da iyayensu suka rasu a hanya, kuma aka rene su. Sai dai shekarun nan sun ƙara yawan irin waɗannan yara. Yaƙin da ya ɓarke a jihar nan a watan Satumba na 2011 ya kora dubban mutane zuwa Habasha da yankin Maban na Kudancin Sudan. Rikicin 2022 a Rusairis da Wad Almahi ya ci ɗaruruwan rayuka, ya tarwatsa iyalai. Sai kuma babban yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilu, 2023. Kowane ɗaya ya bar yaran da suka rabu da nasu, wasu a wannan gefen iyaka, wasu a wancan.

Babu mai shakkar ladan wanda ya ɗauki nauyin maraya. Abin da muke so a gane shi ne, kawo yaro gida shi ne ɓangare mafi sauƙi. Nauyin yana biyo baya, kuma yawancinsa a kan matan gida yake sauka. Saboda haka shawara ta farko, kada maigida ya yanke wannan hukunci shi kaɗai a tashar mota. Uwargidan da za ta yi wa yaro wanka, ta wanke shimfiɗarsa, ta kwana a zaune idan zazzaɓi ya kama shi, tana da haƙƙin a nemi yardarta tun kafin a taho da shi. A gidan da ake da mata biyu ko uku, a fayyace ɗakin wadda zai zauna, a kuma ƙara mata cefane. Yaron da aka ce na kowa ne, a ƙarshe babu mai tambaya ko ya ci abincin dare.

Na biyu, a yi haƙuri da watannin farko. Ka duba halin yaron da ya tashi da Amharanci ko Bertanci, aka wayi gari yana cikin gidan da ake Hausa da Larabci. Ko ɗan Kano ma, da yake jin Hausarmu, zai fita layi ya ji yara na Larabcin da ba ya gane ko kalma ɗaya. Wanda ya saba da anjera za a miƙa masa kisra ko asida, ya ƙi ci, a ce yana da tsirfa. Wani zai yi shiru na makonni. Wani zai koma fitsarin kwance alhali ya daɗe da dainawa. Wani zai riƙa ɓoye gurasa a ƙarƙashin tabarma, domin ya taɓa kwana biyu bai ci komai ba. Wani kuwa ƙarar babur kawai za ta sa ya shige ƙarƙashin gado. Masu kula da yaran da yaƙi ya shafa sun san waɗannan alamu sarai: tsoro ne da kewar gida. Bulala ba ta maganinsu, ƙara su take yi. Abin da ke kwantar da hankalin irin wannan yaro shi ne ya san wadda zai kira idan ya farka cikin dare, ya san lokacin abinci ba ya canzawa, ya kuma ga cewa laifin da ya yi bai sa an ce za a mayar da shi inda aka ɗauko shi ba. Wannan barazana ta "za mu mayar da kai" a daina ta ko da wasa.

Na uku, 'ya'yan gida. Su ma an rage musu wuri a shimfiɗa da nama a kwano, don haka a zauna da su a yi musu bayani. Amma kada a bari su maƙala masa suna irin su "ɗan tsintuwa" ko "ɗan Habasha", domin sunan da aka sa wa yaro a tsakar gida shi ne zai bi shi har kasuwa. Idan za a yi ɗinkin salla, a yanko yadi ɗaya. Idan 'ya'yanka na zuwa makaranta da safe, shi ma ya tafi. A nan ne mu 'yan kasuwa da masu hulɗa da kasuwa ya kamata mu yi wa kanmu adalci: yaron da aka kawo da sunan riƙo, aka ajiye shi yana gadin shago ko dakon buhunan riɗi tun asuba, 'ya'yan maigida kuwa na aji, wannan yaron shago ne marar albashi. Koya wa yaro sana'a abu ne mai kyau, amma a koya musu tare, bayan an tashi daga makaranta.

Na huɗu, suna da asali. Addininmu ya bambanta kafala, wato ɗaukar nauyin yaro, da mayar da shi ɗan cikinka. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni da a kira yara da sunan iyayensu maza, kuma ƙissar Zaidu ɗan Harisa sananniya ce. Ita ma yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20. To, a bar wa yaro sunan ubansa. A rubuta sunan garinsu, ƙabilarsu da duk wani ɗan uwa da aka sani, a adana tare da takardun gida. Idan akwai mai jin harshensu a unguwa ko a kasuwa, a riƙa haɗa su. Idan kuma yana da dangi a raye, a nemi lambarsu. Zumunta a ƙafa take, kuma mu ne masu tsallaka iyakar nan. Ranar da zai nemi aure za a tambayi asalinsa, kuma ranar ce zai gode wa wanda ya adana masa amsa.

Tunda ɗan riƙo ba ya gadon mai riƙonsa, mai hankali zai yi tanadi tun yana raye. Shari'a ta ba da damar wasiyya har zuwa sulusin dukiya ga wanda ba magaji ba, ga kuma ƙofar kyauta a buɗe. A rubuta, a kafa shaidu. Mun sha ganin yaron da ya yi shekara goma sha biyar a gida, ana gama sadakar bakwai aka nuna masa ƙofa. Haka nan batun muharramaka: jaririn da matar gida ta shayar kafin ya cika shekara biyu ya zama ɗanta na shayarwa, wanda ya wuce haka kuwa hukuncinsa daban ne. A tambayi malamai tun yaro na ƙarami, don kada a wayi gari a kore shi daga cikin gida ba tare da ya san dalili ba.

Na biyar, takarda. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Oktoba na 2007 an kama 'yan wata ƙungiya ta Faransa a Abeshe ta ƙasar Chadi suna shirin tashi da yara 103 da suka ce marayun Darfur ne. Da aka bincika, sai aka gano yawancinsu suna da iyaye ko dangi a raye. Habasha kuwa ta haramta wa 'yan ƙasashen waje ɗaukar 'ya'yanta tun watan Janairu na 2018, kuma Sudan na da dokar yaƙi da safarar mutane ta 2014. Jami'in da zai tsayar da kai a shinge ba ya ganin niyyarka, takarda yake gani. Kada ka tsallako da yaro sai da yardar danginsa a rubuce da sanin hukuma a ɓangarorin biyu. Yaron da aka tsinta a lokacin gudu kuwa, a fara kai rahotonsa ga Hilal Ahmar ko ofishin kula da jin daɗin jama'a, domin suna neman iyayen yaran da suka ɓata. Wataƙila wata uwa na can Asosa ko Maban tana cigiyarsa. Bayan haka a nema masa shaidar haihuwa da takardar zama, domin ba tare da su ba makaranta da jarrabawa za su gagare shi.

Hausawa na cewa tsintacciyar mage ba ta mage. A kan mage wataƙila haka ne, amma a kan ɗan Adam tarihin garuruwanmu ya ƙaryata wannan magana, domin a cikin dattawan da muke girmamawa akwai waɗanda a hannun wasu suka tashi. Muna kira ga limamai, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da su sa ido a kan waɗannan yara, su riƙa tambaya: yana makaranta? Yana da takarda? Danginsa sun san inda yake? Wanda kuma ya san gidansa ba zai iya ba, ya taimaka wa dangin yaron da kuɗin abinci da na makaranta a can inda yake, wannan ma lada ne.

Allah Ya ba mu ikon sauke amana, Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa. Amin.