ALLURA ƊAYA, TAKARDAR KUƊI UKU

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, yau muna so mu leƙa asibitocin Amurka, domin akwai abin lura a can.

In ƙari ya fito wa mutum a ciki, likita ba ya yanke hukunci da ido. Sai ya soka allura ya tsakuro ɗan naman wurin, a kai a duba ko ciwon daji ne ko kuwa a'a. To, daga nan sai aiki ya koma hannun akawu. Shi ba ya rubuta "an tsakuri nama", lamba ya ke sawa daga wani littafi da a ke kira CPT, wanda Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fara bugawa a 1966, kuma mallakarta ne. Sukar allurar ita ce 49180. In da hoton CT aka nuna wa allura hanya, a ƙara 77012. Likitan da ya duba naman, shi ma da tasa lambar. Kowace lamba da farashinta, sau da yawa kuma kowa daban ya ke aiko da takardarsa. In kuwa buɗe cikin aka yi, watau 49000, kuɗin wani ne dabam.

Ba mu ce lamba haram ce ba. Mai awo ma da mudu ya ke aiki. Amma fa mudu a gaban mai saye a ke cika shi, yana kallo. Wannan kuwa akawu da kamfanin inshora kaɗai su ka iya karanta shi. Akawu ya kuskure lamba guda, kamfani ya ƙi biya, sai bashi ya faɗo kan majiyyaci, mutumin da ko barci ba ya yi don jiran sakamako. Ina adalci a nan?

Da kuka ya yi yawa, sai aka yi doka, ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2022. Wanda ba shi da inshora, lalle a ba shi ƙiyasin kuɗi a rubuce tun kafin a taɓa shi. In takardar ƙarshe ta zarce ƙiyasin da dala 400 ko fiye, yana da kwana 120 ya kai kuka. Madalla, amma fiye da shekara hamsin aka yi ana cinikin duhu kafin a kai ga wannan.

A 2022 ɗin nan ne kuwa aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a Nijeriya, sa'an nan duk inda inshora ta shiga, akawu da jerin farashinsa suna biye. Don haka muna kira ga hukuma tun da wuri: kowane asibiti ya manna farashin allura, da na hoto, da na duba nama a bango, da Hausa, kuma a ba majiyyaci jimla a rubuce kafin ya hau gado.