DAGA ALLON MALAM: Yadda Ake Gane Mutumin Libaful

A wannan wata zancenmu yana kan 'yan kallon ƙwallo na zangunanmu, masu cewa wai Jamie Carragher bai iya Turanci ba, don in yana sharhi a talabijin ko rabi ba su kamawa. To, Bature ne ɗan Bature. Karin harshen garinsu Libaful kuke ji, wanda ake kira Scouse. Mu da Bakano kan gane Hausarmu ta Kumasi tun daga gaisuwa, ai bai kamata abin ya ba mu mamaki ba.

Akasarin mutanen arewacin Ingila suna faɗin bus da cup da wasalin u, wato "bus" da "kup". Wannan yana nuna maka daga arewa mutum ya fito, amma ba ya nuna garinsu, domin na Manchesta ma haka yake yi. Ɗalibai kuwa su kiyaye, mai jarrabawar Turancin baka ba wannan yake nema ba.

Shaidar ɗan Libaful a maƙogwaro take. In kalma ta ƙare da k, kamar back ko like, ba ya tsayar da ita cak. Kankare ta yake yi har ta fito kamar kha na Larabci, ha mai ruwa da muka biya a makarantar allo. Wanda ya taɓa riƙe allo ba zai kuskure ta ba. Sannan muryarsa kan tashi a ƙarshen magana kamar mai tambaya, alhali labari yake ba ka. Ku saurari Wayne Rooney: daga 2004 zuwa 2017 yana Manchester United, amma bakinsa bai bar Libaful ba.

Tashar jiragen ruwa ce ta haifi wannan karin harshe. Da yunwa ta faɗa wa ƙasar Ailan daga 1845, dubban mutanenta suka kwararo Libaful, ga kuma baƙi daga Wales, sai maganarsu ta cakuɗa da ta 'yan gari. Shi kansa sunan Scouse daga wata miyar nama da dankali ta ma'aikatan jirgi aka samo shi. Daga wannan tasha ce jiragen Elder Dempster suka riƙa tasowa zuwa Takoradi da Ikko.