KASKO ƊAYA NA RUWA DOMIN TSUNTSAYEN BIRNIN ZAZZAU

Daga wani Jami'in Ilmi, Zariya

A cikin watan Maris da ya wuce, aikina na duba makarantu ya kai ni wata makarantar firamare a cikin birni. Bayan sallar azahar ina zaune a gindin darbejiya ina shan iska, sai ga kurciyoyi uku sun sauka daidai inda malamai suka yi alwala, suna tsotsar ɗan danshin da ya rage a ƙasa. Ko gudun mutane ba su yi, don ƙishirwa ta fi ƙarfin tsoro. Ban ankara ba sai na ji fat! Ashe wani yaro ne ya saki danƙo. Allah ya sa ya kuskure. Na kira shi na ce, "Kai yaro, me ta yi maka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ba ta da mai ita, Malam."

Da muka koma aji sai na ce yara su faɗa mini sunayen tsuntsayen da suka sani. Suka kawo kaza, da zabo, da agwagwa, da tattabara, daga nan sai kallon-kallo. Na ce ungulu fa? Wani ya ce ya dai san ungulu da kan zabo, amma ita kanta bai taɓa ganinta ba. Mu kuwa da muka yi ƙuruciya a birnin nan shekaru talatin da 'yan kai da suka wuce, ba ka zuwa bakin mahauta ba ka tarad da su jere a kan katanga ba.

Amsar yaron nan ita ta sa na ɗauki alƙalami. Gaskiya ya faɗa, kurciya ba ta da mai ita. To, abin da ba shi da mai shi, in jama'a ba su kula da shi ba, wa zai kula?

YADDA BIRNI YA KE SAUKAR BAƘINSA A DA

Kakanninmu ba su taɓa zama suka yi shawarar kiwon tsuntsayen daji ba, amma irin zaman da suka yi ya wadata su da kome. Ganuwar Zazzau ta kewaye gidaje, ta kewaye gonaki da fili mai yawa. Duk inda aka haƙi ƙasar gini ya zama kududdufi, ya kan riƙe ruwa har rani ya yi nisa. Ga rimi, ga kuka, ga tsamiya, har wata unguwa da sunan itace a ke kiranta, kamar Rimin Tsiwa. Tsohon itace ba ya rasa kogo, soron ƙasa kuwa ba ya rasa rami a tsakanin azara ko a gefen indararo, tsattsewa ma har cikin zaure ta kan yi sheƙarta. A tsakar gida mata suna sussuka, suna surfe, suna bakace, abin da ya zube rabon gwara ne da kurciya. Watau masauki da abinci da ruwa duka suna nan, ba wanda ya kashe ko anini.

Yanzu fa? Bulo da siminti sun maye gurbin tubali, kwano ya maye gurbin azara, ba sauran rami ko na shigar ɗan yatsa. Kududdufai da yawa an cike su an yi gini, waɗanda suka rage kuwa shara da leda sun rufe su. Hatsi inji a ke kai shi. Manyan itatuwa, wanda ya faɗi ba a dasa madadinsa, wanda ya tsaya a hanyar gini a sare. Kada wani ya ce ina kira a koma ginin ƙasa, ni ma a ɗakin kwano na ke kwana. Abin da na ke cewa shi ne, alherin da kakanninmu suka yi ba da saninsu ba, mu sai mun yi shi da niyya, im ba haka ba ya yanke.

AIKIN DA SU KE YI MANA

Wani zai ce, to, in sun tafi me muka rasa? Mu duba. Shamuwa, wadda manomi ya ke jira don ya san damina ta kusa, fara ce babban abincinta, da rani kuwa ta kan ƙetare har ƙasashen kudancin Afirka, sa'an nan ta komo. Tsattsewa yini ta ke yi tana kama ƙwari a iska. Alhudahuda, wanda ya kai wa Annabi Sulaimanu labari, wanda kuma babbar makarantarmu ta birni ta ke amsa sunansa, da dogon bakinsa ya ke zaƙulo tsutsa daga cikin ƙasa. Gwara da mu ke zargi da satar hatsi, da ƙwari ta ke ciyad da 'ya'yanta. Mujiya da mu ke jifa muna ce mata mugun abu, ɓera ne abincinta, ɓeran nan da ya ke ɓarna a rumbu da ma'ajin takardun ofis.

Waɗanda suka raina wannan aiki sun ga abin da ya biyo baya. A shekarar 1958 hukumar ƙasar Sin ta yi shela a kashe gwara don tana cin hatsi. Jama'a suka fito da gwangwani da ganguna, suka hana tsuntsayen sauka har suka riƙa faɗowa don gajiya. Da gwara ta ƙare sai fara da sauran ƙwari suka sami sake a gonaki, suka ƙara tsananin yunwar da ta auka wa ƙasar, har a 1960 tilas aka janye dokar. Mu ma ga ungulu nan. Ita ce mai share mana mushe kyauta, amma guba da masu sayad da kanta don magani sun kusa gamawa da ita, har a 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa irin tamu ta cikin gari a jerin waɗanda su ke dab da ƙarewa. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ta ke kuɗi, mu kuwa ba mu san inda a ke sayen ungulu ba.

ABU UKU MASU SAUƘI

Na farko ruwa, shi ne kuwa mafi girma. Daga Nuwamba har zuwa Afrilu da wuya sama ta ɗiga a ƙasar Zazzau, wahalar kuwa ta fi tsanani da bazara. A sami kasko, ko gindin fasasshen tulu, kada zurfinsa ya wuce inci 2. A sa dutse a tsakiya don ƙananan tsuntsaye su sami wurin tsayawa, ƙudan zuma ma in ya faɗa ya sami hanyar fita. A ajiye shi a inuwa, a kan kututture ko katanga, wurin da kyanwa ba za ta sami maɓoya kusa ba.

Na biyu abinci. Ba na ce a buɗe buhu ba. Tsaki, da dusa, da abin da ya rage a faifai bayan bakace, sun isa. A zuba a kan ɗan allo da aka rataya, kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai ƙare kafin magariba, don kada a tara wa ɓera. Wanda ya fi wannan ɗorewa shi ne dasa itace mai 'ya'ya, kamar ɓaure, ko kanya, ko magarya, a bakin filin makaranta.

Na uku masauki. Tsuntsaye da yawa ba su iya yin sheƙa sai a cikin kogo. Cilakowa ma, macen ta kan shiga kogo a liƙe ƙofar da laka, a bar 'yar kafa wadda namijin zai riƙa miƙo mata abinci. Inda babu kogo sai a yi musu akwati. A yi shi da katako mai kauri, ban da kwano, don kwano dafa ƙwai zai yi. Faɗinsa inci 6 ta kowane gefe, tsawonsa inci 10, a huda ƙofa kusa da sama, inci 1½ domin gwara, inci 2½ domin alhudahuda, a kuma yi 'yan hudoji a gindi don ruwa ya tsiyaye. A kafa shi kamar ƙafa 10 daga ƙasa, cikin inuwa. Kada ƙofar ta dubi gabas, gama kowane magini a birnin nan ya san ta can hadari ya ke bugowa. Wanda ba shi da katako, tsohuwar tukunya irin wadda mu ke rataya wa tattabaru ta wadatar. In ƙudan zuma suka riga tsuntsu shiga, a hana yara taɓawa, a kira masu amya.

Kada a zaci wannan sabon abu ne na Turawa kaɗai. A birnin Istambul, tun zamanin sarakunan Turkawa, magina su kan gina wa tsuntsaye 'yan gidaje na dutse a jikin bangon masallatai, waɗansu suna nan har yau. A ƙasar Malesiya kuwa manoman kwakwar manja su kan kafa wa mujiya manyan akwatuna a gonaki don ta rage musu ɓera.

ABIN DA MASU SUKA ZA SU CE

Na san malamin tsafta zai ce ruwan kasko gidan sauro ne. Gaskiya ne, in an bar shi. Amma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi sai an yi mako guda ko kwana goma. Wanda ya ke zubad da ruwan kowace safiya, ya dirje kaskon, ya sake sabo, ba zai haifar da sauro ko ɗaya ba. Wanda ya san ba zai iya ba, gara kada ya fara.

Mai kiwon kaji zai tuna da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatad da ita a Nijeriya a wata gonar kaji a Jaji, kan hanyar Kaduna, cikin watan Fabrairu na 2006. Tsoronsa yana kan hanya. Maganin shi ne a raba kaskon tsuntsayen daji da na kaji, a nisanta su, kuma duk wanda ya ga tsuntsu ya mutu haka kawai kada ya ɗauka da hannu, ya sanad da malamin dabbobi.

Manomi kuma zai ce muna gayyato masa jan-baki. Ya kwantad da hankalinsa. Jan-baki a cikin ƙayoyin daji ya ke sheƙa, dubbai a wuri guda, ba ya shiga akwati, kaskon makaranta kuwa ba zai ƙara masa yawa ba.

Akwai mai cewa mutane ma ba su ƙoshi ba balle tsuntsu. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ruwan da ya rage a buta da dusar da za a zubar ba su rage tuwon kowa. Mun kuma ji daga malamanmu cewa an gafarta wa wani mutum saboda ya shayad da kare mai ƙishirwa, kuma wanda ya dasa itace tsuntsu ya ci daga gare shi, an rubuta masa sadaka.

GA MALAMAI DA AKAWUNA

Sa'ad da mu ke kwalejin horon malamai an koya mana cewa gani ya kori ji. Amma sau nawa mu ke zana tsuntsu a allo, alhali ga shi can a kan reshe yana kallonmu ta taga? Ina roƙon kowane hedimasta a cikin birni, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, ya sa aji guda su ƙera akwati biyu a darasin aikin hannu. A naɗa yaro mai kula da kasko kowane mako, a fara da wanda ya fi kowa iya harbi, don shi ya fi kowa sanin inda tsuntsaye su ke. A ajiye littafi a riƙa rubuta irin tsuntsun da ya zo, da ranar da aka fara ganin shamuwa. A Nijeriya akwai tsuntsaye fiye da iri 900, masana na cibiyar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos kuwa tun 2015 su ke tattara labarin inda kowane iri ya ke zaune, da taimakon 'yan sa kai. Littafin 'yan aji biyar ba abin rainawa ba ne a irin wannan aiki.

Ku kuma 'yan'uwana akawuna, ba ofishin da ya rasa itace guda a bakin ƙofa. Kasko ɗaya bai kai kuɗin goron safe ba.

Na koma makarantar nan bayan mako uku. Yaron da ya harbi kurciya shi ya tarye ni, ya ja ni ya nuna mini kaskon da ya ke cikawa, ya ce jiya har wani tsuntsu mai tukku ya zo, bai san sunansa ba. Na ce masa alhudahuda ke nan. Danƙonsa dai yana nan a aljihu, na gani, ban kuwa karɓe ba. Na ce masa Hausawa sun san wani danƙon da ya fi nasa, shi ne alheri, wanda ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya sa mu gane, amin.