Daga bakin gado zuwa makewayi

A wannan fitowar zancenmu na tsofaffin da ke hannunmu ne, musamman waɗanda jiki ya riga ya taɓu: mai shanyewar ɓarin jiki, wadda ido ya tafi, mai ja da sanda, wanda ciwon suga ko kuturta ta kashe masa tafin ƙafa. Kusan kowace ƙungiya, daga Tasawa har Madawa, in aka yi tambaya ranar zubi za a samu mai jinyar uwa ko suruka a gida.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce mutum kusan 684,000 ne faɗuwa ke kashewa kowace shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali, kuma waɗanda suka haura shekara 60 sun fi yawa a cikinsu. Mu mata abin ya fi tsananta a kanmu, don bayan ɗaukewar al'ada ƙashi yana rage ƙwari. Faɗuwar da yarinya za ta tashi ta kakkaɓe zane, tsohuwa sai ta karya mata ƙugu.

To ina ake faɗuwar? Ni wurin da na fi jin tsoro bai wuce taku ashirin ba: daga bakin gado zuwa makewayi, da dare ko da asuba. Ku bi hanyar nan da idonku yau. Ga gefen tabarma da ya naɗe, ga dokin ƙofa, ga turmi da aka bari tsakar gida, ga igiyar akuya, ga ruwan wanke-wanke da ya kwanta bakin kwata. In an isa kuma, sai tsugunno a kan simintin da gansakuka ta kama, ba abin dafawa. Masu hali da suka shimfiɗa karo a ban ɗaki, su nasu santsin ya ma fi muni. Duk wannan cikin duhu, da buta a hannu guda, da silifas ɗin da ya suɗe.

Akwai kuma abin da ke cikin jiki. In mutum ya daɗe kwance ya miƙe farat ɗaya, jini yana sauka ƙafafu, kai ya rasa isasshe, sai jiri. Maganin hawan jini, da mai sa yawan fitsari, da na barci, suna ƙara wannan. Kada dai a tsayar da magani da ka; a tattara su duka cikin leda, har da na gargajiya da wanda aka saya a tebur, a kai likita a ce Inna tana jin jiri. A gida kuwa a koya mata ta zauna bakin gado tukuna, ta motsa ƙafafu kamar minti ɗaya, sannan ta miƙe.

Wani abu da tsofaffi ke yi a ɓoye: suna rage shan ruwa don kada su tada kowa da dare. Kunya ce da gudun ɗora wa mutane nauyi, amma a zafin bazara wannan shi ke kawo jirin. Ta sha ruwanta sosai da rana, a ajiye mata fo ko bokiti mai murfi kusa da gado, a kwashe da safe ba tare da ɓata fuska ba. In ta ga ana yatsina, gobe za ta lallaɓa ita kaɗai cikin duhu.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Tocila mai cajin rana a gefen matashi. Igiya mai kauri daga ƙofar ɗaki zuwa makewayi ga wanda ba ya gani, kuma kada a riƙa sauya wa kayan ɗakinsa wuri. Kafinta ya huda kujera a aza ta bisa ramin salanga, mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bango, ko a binne icce mai ƙwari in bangon na laka ne. Alwala da wanka a zaune. Sanda ta kai daidai wuyan hannu in mutum yana tsaye hannunsa a sake, a ɗaura mata guntun roba a gindi, a riƙe ta ta ɓangaren da ke da lafiya. In yanar ido ce, ana cire ta da aiki, kamar yadda ake yi a asibitin ido na Makka da ke Maradi. A daina cewa tsufa ne kawai.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce "Baba, zauna kawai, kada ka tashi." Ƙauna ce, amma ƙafar da ba ta takawa nan da nan take mutuwa. A sa shi ya tashi daga kujera ya zauna sau da yawa kullum, wani na tsaye kusa, ya ɗan zaga tsakar gida da hantsi.

In an faɗi, kada a fizgo hannu a ce tashi. A duba tukuna. In ƙafa ɗaya ta gajarce ko ta juya waje, ko ba ta iya taka ta, sai a ɗauke ta a kwance zuwa asibitin da ake ɗaukar hoto, kafin a yi zancen mai ɗori, don karayar ƙugu yawanci aiki take so. In kai ya bugu, aka ga amai, ruɗewa ko yawan barci, ko bayan kwanaki ne, a tafi likita nan take.

Saura namu na ƙungiya. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, mun saba da ajiye ɗan kuɗin taimako gefen zubi, amma sai abu ya faru muke buɗe shi: suna, rasuwa, kwanciya asibiti. Shawarata ita ce a taron wannan mako kowace mai tsoho a gida ta faɗa, a zaɓi mata biyu su shiga gidan su bi hanyar nan, su dawo da lissafin tocila, igiya da kujera, sai a yanke nawa za a fidda.